Sharhi: Idan Kwalta ta Shigo Unguwa, Su Wa Ke Saura a Cikinta?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya shafi yadda tsofaffin unguwannin birnin Gombe ke sauya hannu a hankali, daga waɗanda suka gaji gidajen zuwa ga waɗanda ke da ƙarfin sayensu.

Tun ranar 1 ga watan Oktoba na shekarar 1996, lokacin da aka cire Gombe daga Jihar Bauchi ta zama jiha mai cin gashin kanta, darajar fili a garin take hauhawa. Ma'aikatan gwamnati da 'yan kwangila da bankuna sun nemi matsuguni. A shekarar 2004 aka kafa Jami'ar Jihar Gombe a Tudun Wada, ɗalibai da malamai suka ƙara wa haya tsada a kewayenta. Daga baya rikicin Boko Haram ya koro dubban mutane daga Borno da Yobe da Adamawa, cikinsu har da attajiran da suka iso da kuɗi a hannu suna neman gida ko nawa ne. Wurare irin su Tumfure, waɗanda a da ake ɗauka bayan gari, yau sun cika da gidaje masu dogayen katangu.

A cikin tsohon gari kuwa, sauyin ya fi shigowa ta ƙofar gado. Magidanci ya rasu ya bar gida ɗaya na ƙasa, mai zaure da faffaɗan tsakar gida, ga matan aure, ga 'ya'ya masu yawa. Gidan ba ya rabuwa yadda kowa zai samu wurin zama, don haka sai a yi masa kuɗi. Da ma dillalai sun daɗe da sa ido a kansa, musamman idan an shimfiɗa kwalta a layin an kuma gina magudanar ruwa. Kuɗin da ake ambata yana da daɗin ji, amma idan aka cire la'ada, aka biya bashin mamaci, aka raba sauran bisa shari'a, kason da kowane magaji zai riƙa ba ya sayen ko rabin fuloti a unguwar da aka binne cibiyarsa. Wanda ya sayi gidan kuma ba ginin yake so ba, filin yake so. Kafin damina ta zagayo an rushe soron, an ɗora bene, shaguna a ƙasa, ɗakunan haya masu banɗaki a ciki a sama.

Duk wanda ya bi irin wannan layi da yamma zai ga bambancin da idonsa. Inda a da akwai dakalin da dattawa ke zama bayan la'asar, yanzu ƙofar ƙarfe ce da maigadi. Mai shayin da ya shekara da shekaru a kwanar an ce ya ɗauke teburinsa, saboda yana tare wa motocin masu sayayya wuri. Zauren da yara ke karatun allo ya koma kantin sayar da wayoyi. Sabon mai gidan ya haƙa rijiyar burtsatse, ya ɗora sola a kan rufi, saboda haka ranar da famfo ya ƙafe ko taransifoma ta lalace, ba ya cikin masu haɗa kuɗin gyara, ba ya kuma cikin masu bin mai unguwa zuwa kai koke. Sannu a hankali muryar unguwar ta ragu, domin masu faɗa a ji a cikinta ba sa jin ciwon da sauran ke ji.

'Yan haya su ne kan gaba wajen tashi. Da zarar maƙwabci ya saka tayil ya ninka kuɗin ɗaki, mai tsohon gini ma sai ya ƙara nasa, ya kuma nemi kuɗin shekara gaba ɗaya. Tela da mai wankin hula da mai tura kurar ruwa sai su nausa gefen gari, sau da yawa kusa da kwarin da zaizayar ƙasa ke ci kowace damina, domin can ne fili ke da araha. Sana'arsu tana nan cikin gari, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin abin hawa na zuwa da dawowa yana cinye abin da ya kamata ya shiga tukunya.

Babu mai hankalin da zai ƙi kwalta da fitilun kan titi, kuma wanda ya sayi gida da halalinsa bai yi laifi ba. Abin dubawa shi ne mutanen da suka sha ƙurar layin da ambaliyarsa tsawon shekaru su ne ba sa nan lokacin da gyaran ya iso. A nan hukuma ke da rawar takawa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma diyyar da ta tanada idan an karɓi wuri don aikin jama'a ta fi karkata ga abin da aka gina ko aka shuka, ba ga farashin filin a kasuwa ba. Ke nan mai gidan ƙasa a tsakiyar gari shi ne ya fi kowa asara idan faɗaɗa titi ya biyo ta kansa.

Tun da jihar ta kafa hukumar GOGIS domin rajistar filaye, ya kamata a sauƙaƙa wa masu gidajen gado samun takardar shaidar mallaka, domin iyalin da ke riƙe da takarda za su iya ƙulla yarjejeniya da mai jari ya gina musu bene a raba ɗakuna, maimakon su sayar su watse. Sababbin unguwannin gefen gari kuma a kai musu ruwa da makaranta da hanya tun kafin su cika, a kuma hana yanka fulotai a bakin kwari.

Sai kuma a sharhi na gaba. Wassalamu alaikum.