Allo, barcin rana da alkawarin alewa

Malama: To jama'a, mun dawo. Tun makon jiya saƙonni ke shigowa kan ɗiyar Yaya Bello.

Bello: Ni abin ya ishe ni, Malama. Yarinya shekara huɗu, ta haddace tallan rediyo tas, har da kiɗan. Amma haruffa biyar da muka yi daren Asabar, da gari ya waye ko ɗaya babu.

Malama: Sau nawa ta ji tallan?

Bello: Kullum.

Malama: Haruffan fa?

Bello: Zama ɗaya, amma mun fi awa guda.

Malama: Ka ba kanka amsa. Akwai wani Bajamushe, Ebbinghaus, da ya yi gwaji da kansa, ya wallafa a 1885. Ya ga mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko, sannan ta lafa. Abin da aka maimaita da tazara shi ke zama. Malaman allo kuwa sun daɗe da sanin haka. Ka tuna, ba ka wanke allo sai ka biya wa malam, gobe ka yi tishi, jibi ka sake. Daga babbaƙu zuwa farfaru babu gaggawa. Minti goma kullum ya fi awarka ɗin nan. Kuma ka daina faɗa mata, ka tambaye ta. Laluben da take yi cikin kanta shi ke kafe abin.

Auta: Ni dai akwai abin da yaro bai mantawa ko sau ɗaya aka faɗa.

Bello: Mi ke nan?

Auta: Alkawarin alewa.

Bello: Kai! Tun ƙaramar salla na ce zan kai ta Shagon Goro, har yau tana bina bashi.

Auta: Kamar dubu biyun da nike binka.

Bello: Wagga magana ba ta cikin shiri.

Auta: Ni ma tishi nike yi maka, da tazara.

Malama: Ku bari in ƙarasa! Alewar ma darasi ce, abin da ya taɓa zuciya ya fi zama. Haka waƙa. Me ya sa Nana Asma'u ta zuba karatu cikin waƙoƙi, jajis, wato malamai mata masu yawon koyarwa, suka kai wa matan ƙauye? Kari da amo suna riƙe kalma. Sai barci. Lokacin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya, shi ya sa nake jin haushin mai tashin yaro daga barcin rana wai ya zo lesin.

Bello: Da zafin Sakkwato wa ke barcin rana in an ɗauke wuta?

Malama: A shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogonyaro. Saura maganar waya da...

Auta: Malama, an kira la'asar.

Malama: To, wayar sai mako mai zuwa. Yaya Bello, ka biya yaron nan kuɗinsa.