Yadda Tsoron Kwaminisanci Ya Tono Shari'ar Mayun Salem

A watan Afrilun 1952, marubucin wasan kwaikwayo Arthur Miller ya ɗauki motarsa ya nufi Salem, wani tsohon gari a jihar Massachusetts da ke arewa maso gabashin Amurka, domin ya karanta takardun wata shari'a da aka yi shekara 260 kafin lokacin. A kan hanya ya biya ta gidan amininsa Elia Kazan a jihar Connecticut. Kazan ne ya ba da umarni a wasanni biyu da suka fito da sunan Miller a duniya, wato All My Sons a 1947 da Death of a Salesman a 1949, saboda haka tsakaninsu akwai amana mai ƙarfi. A wannan ziyara Kazan ya shaida masa cewa ya yanke shawarar bai wa wani kwamitin majalisa sunayen tsofaffin abokan aikinsa da suka taɓa zama 'yan jam'iyyar kwaminis. Miller ya ci gaba da tafiyarsa da wannan magana a ransa, kuma wasan da ya rubuta bayan ya dawo, The Crucible, ba a fahimtarsa sosai sai an san abin da ya sa mutum kamar Kazan ya kai ga wannan hali.

Bayan yaƙin duniya na biyu, ƙawancen da ke tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet ya wargaje, aka shiga yaƙin cacar baka. A 1947 Shugaba Harry Truman ya ba da umarnin a binciki biyayyar ma'aikatan gwamnatin tarayya. A 1949 Sobiyet ta gwada bam ɗinta na nukiliya, kuma a wannan shekara 'yan kwaminis suka karɓi mulkin Sin. A 1950 yaƙin Koriya ya ɓarke, masanin kimiyya Klaus Fuchs kuma ya amsa cewa ya miƙa wa Sobiyet sirrin makamin nukiliya. Tsoron da ya kama Amurkawa yana da tushe, kuma adalci ne a faɗi haka tun da wuri. Abin da ya ɓaci shi ne yadda aka ɗauki wannan tsoro aka ɗora shi a kan mutanen da ba su taɓa ganin wani sirrin gwamnati ba: malaman makaranta, shugabannin ƙwadago, 'yan wasa da marubuta, waɗanda da yawansu sun shiga jam'iyyar ne a shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, suka kuma fita daga baya.

Sunan Sanata Joseph McCarthy na jihar Wisconsin ne ya zama tambarin wannan zamani, tun daga ranar 9 ga Fabrairun 1950 da ya yi jawabi a garin Wheeling yana cewa yana riƙe da jerin 'yan kwaminis da ke aiki a ma'aikatar harkokin waje. To amma ba shi ne ya sa masana'antar fim a gaba ba. Wannan aikin Kwamitin Majalisar Wakilai Mai Binciken Ayyukan da Suka Saɓa wa Amurka ne, wanda aka fi sani da HUAC. A watan Oktoban 1947 kwamitin ya gayyaci mutanen Hollywood, ya yi musu tambayar da ta zama sananniya, ko mutum ɗan jam'iyyar kwaminis ne a yanzu ko ya taɓa zama. Mutum goma, yawancinsu marubutan fim, suka ƙi amsawa, suna kafa hujja da 'yancin faɗin albarkacin baki da kundin tsarin mulki ya ba su. Aka same su da laifin raina majalisa, aka yanke musu ɗaurin wata shida zuwa shekara guda. A watan Nuwamban wannan shekara shugabannin manyan kamfanonin fim suka taru a otal ɗin Waldorf-Astoria da ke New York, suka sanar cewa ba za su ƙara ɗaukar waɗannan goman aiki ba, haka ma duk wanda suka san ɗan kwaminis ne. Daga nan baƙin littafi ya fara.

Baƙin littafin nan ba doka ba ce, babu alƙalin da ya sa masa hannu, saboda haka babu inda mutum zai ɗaukaka ƙara. Wayar mutum ce kawai za ta daina ƙara, waɗanda suka saba kiransa aiki su riƙa kauce masa. A 1950 aka buga wani ɗan littafi mai suna Red Channels ɗauke da sunayen mutum 151 na gidajen rediyo da talabijin, kuma shigar suna cikinsa kaɗai ta isa ta raba mutum da abincinsa. Ɗan wasa Philip Loeb, wanda aka raba da shirin talabijin da yake fitowa a ciki, ya kashe kansa a 1955.

Hanyar fita guda ɗaya ce, kuma a nan ne ya kamata masu kallo su tsaya su lura. Wanda yake son a wanke shi sai ya bayyana gaban kwamitin, ya amsa laifinsa, ya nuna nadama, sannan ya kira sunayen waɗanda ya sani a jam'iyyar. Sau da yawa kwamitin ya riga ya san waɗannan sunaye. Ba labari yake nema ba, so yake mutum ya tabbatar da tubansa ta hanyar sayar da abokinsa a bainar jama'a. Wanda ya fake da 'yancinsa na ƙin ba da shaida a kan kansa ya tsira daga kurkuku, amma bai tsira daga baƙin littafi ba. Ɗan wasa Larry Parks ya roƙi kwamitin a 1951 da kada a tilasta masa zama mai tona asirin wasu. Daga ƙarshe ya kira sunayen, kuma duk da haka sana'arsa ta mutu. Kazan ya kira sunayen mutum takwas, ya ci gaba da aikinsa.

Yanzu mu koma 1692. Mazauna Salem na wancan lokaci Turawan Ingila ne 'yan ɗariƙar Furitan, masu tsananin riƙo da addini, waɗanda ba su da shakka ko kaɗan cewa maita gaskiya ce. A wurinsu maye shi ne wanda ya ƙulla yarjejeniya da Shaiɗan ya sa hannu a littafinsa, kuma hukuncinsa kisa ne a dokar ƙasa. A farkon shekarar, 'yar Samuel Parris, limamin cocin ƙauyen, yarinya mai shekara 9, da 'yar uwarta Abigail Williams mai shekara 11, suka fara wata irin faɗuwa da ihu da aka rasa maganinta. Da aka matsa musu su faɗi wanda ke cutar da su, suka ambaci mata uku: Tituba, baiwa a gidan limamin, da Sarah Good, matalauciya mai bara, da Sarah Osborne, wadda ta jima ba ta zuwa coci. Dukansu mutane ne marasa gata. Tituba ta amsa laifi, ta kuma ce akwai wasu mayun a gari, daga nan wuta ta kama.

Gwamna William Phips ya kafa kotu ta musamman a watan Mayu, kotun kuma ta karɓi wata irin shaida da ba ta da makari: yarinya ta ce kurwar wane ta zo mata tana shaƙe ta ko tana tsunkulinta. Wanda ya taɓa ganin yadda ake kama sunan mutum daga bakin mara lafiya a ce shi ne ya kama masa kurwa zai gane wannan nan take. Wanda ake tuhuma ba shi da abin da zai kare kansa da shi, domin ko da mutum ɗari sun shaida yana gonarsa a lokacin, za a ce ai kurwarsa ce ta je. An tuhumi mutum fiye da 200. An rataye 19, mata 14 da maza 5. Dattijo Giles Corey ya ƙi amsa tuhumar da ake masa, aka riƙa ɗora masa duwatsu a ƙirji har ya cika. Wasu kuma suka mutu a kurkuku.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a takardun shari'ar shi ne wanda aka kashe da wanda aka bari. Waɗanda suka amsa cewa su mayu ne, su fiye da 50, ba a rataye su ba, kuma da yawansu sun ƙara wa maganarsu nauyi da sunayen wasu. Waɗanda aka rataye su ne suka tsaya a kan cewa ba su aikata ba. Rebecca Nurse, tsohuwa mai shekara 71 da aka sani da ibada, masu taya alƙali yanke hukunci sun fara wanke ta, aka sa su sake shawara, suka dawo suka ce ta yi laifi. Wannan tsari, inda ƙarya da kiran sunan maƙwabci ke sayen rai, gaskiya kuma ke kai mutum ga igiya, shi ne Miller ya gani a Salem ya kuma gane shi, domin ya baro irinsa a gida.

Sunan wasan yana nufin tukunyar da maƙera ke narkar da ƙarfe a ciki don a raba shi da datti. Miller bai ɓoye cewa ya taɓa tarihi ba. John Proctor shi ne jarumin wasan; na gaskiyan manomi ne mai kimanin shekara 60, sai Miller ya mayar da shi magidanci mai shekara talatin da 'yan kai, ya ɗaga shekarun Abigail zuwa 17, ya ƙirƙiri wata alaƙa ta ɓoye tsakaninsu wadda babu ita a tarihi. Masana tarihi suna da haƙƙin ƙorafi a kan haka, musamman yadda aka ɗora nauyin fitinar a kan kishin yarinya guda, alhali rigimar filaye da rikicin shugabancin coci da tsoron yaƙin da ake yi a kan iyaka duk suna da hannu a ciki. Sai dai wannan ƙari ya yi wa wasan aiki guda mai muhimmanci. Proctor mutum ne mai abin kunya a ransa, kuma wanda yake jin yana da laifi, ko da wani laifin ne daban, shi ya fi sauƙin lanƙwasawa. Haka abin yake ga mutanen 1950, waɗanda ake tono musu taron da suka halarta ko takardar da suka sa wa hannu shekara goma sha biyar baya. A ƙarshen wasan Proctor ya yarda ya ɗora wa kansa laifin ƙarya don ya rayu, amma ya ƙi ambaton kowa, kuma da ya ga za a manna takardar ikirarinsa a ƙofar coci da sunansa a jiki, sai ya yayyaga ta, ya zaɓi rataya.

An fara nuna wasan a dandamalin Martin Beck da ke Broadway, unguwar gidajen wasan kwaikwayo ta New York, ranar 22 ga Janairun 1953. Babu kalmar kwaminisanci ko sau ɗaya a cikinsa, amma babu mai kallon da bai san inda aka dosa ba. Tarbar da aka yi masa ba ta kai ta wasan Miller na baya ba, ko da yake ya ci kyautar Tony ta gwarzon wasan shekara. Sukar da ta fi ƙarfi, wadda matar Kazan ma ta yi wa Miller tun kafin ya rubuta wasan, ita ce kwatancen bai daidaita ba, domin mayun Salem ba su taɓa wanzuwa ba, 'yan kwaminis kuwa suna nan, wasunsu ma 'yan leƙen asiri ne. Sukar tana da nauyi, kuma saƙonnin sirri na Sobiyet da gwamnatin Amurka ta fitar a 1995 sun tabbatar da cewa an yi leƙen asirin. Amma a ganina ba ta rusa wasan ba. Alƙalan Salem ma sun yi imani cewa abokin gabarsu na gaske ne, kuma wannan imanin ne ya halatta musu watsi da hujja. Kasancewar akwai ɗan leƙen asiri a ɗakin gwajin nukiliya ba ta mayar da marubucin barkwanci na Hollywood maci amanar ƙasa ba, kuma ba zaman sauraron shaidar 'yan fim ne ya kama Fuchs ba.

Daga nan abin da Miller ya rubuta ya dawo kansa. A 1954 ma'aikatar harkokin waje ta hana shi fasfo lokacin da ya so zuwa Brussels kallon wasan nasa. A ƙarshen wannan shekara Majalisar Dattawa ta yi tir da McCarthy da ƙuri'a 67 a kan 22, tauraronsa ya dushe, amma kwamitin Majalisar Wakilai ya ci gaba da aikinsa. A watan Yunin 1956, 'yan kwanaki kafin ya auri 'yar fim Marilyn Monroe, aka kira Miller gabansa. Ya yi magana a kan kansa ba ɓoye-ɓoye, ya amsa cewa ya halarci tarukan marubuta 'yan kwaminis a 1947. Da aka nemi ya faɗi waɗanda ya gani a wurin, sai ya ƙi, ya ce lamirinsa ba zai bar shi ya jawo wa wani fitina ba. A 1957 aka same shi da laifin raina majalisa, aka ci shi tarar dala 500 tare da ɗaurin kwana 30 da aka jingine, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta soke hukuncin a 1958.

Baƙin littafin ya fara yagewa ne a 1960, lokacin da aka rubuta sunan Dalton Trumbo, ɗaya daga cikin goman nan, a fili a finafinan Spartacus da Exodus, bayan ya shafe shekaru yana rubutu da sunayen aro, har ayyukansa biyu suka ci kyautar Oscar ba da sunansa ba. A Salem, ɗaya daga cikin alƙalan, Samuel Sewall, ya tsaya a coci a 1697 aka karanta neman gafararsa, kuma a 1711 hukuma ta biya diyya ga wasu iyalan. Shi kuwa Kazan bai janye daga matsayinsa ba. A 1999, shekara 47 bayan shaidar da ya bayar, aka ba shi kyautar Oscar ta girmamawa. Da ya fito kan dandamali, wasu daga cikin mahalarta suka miƙe suna tafi, wasu kuma suka zauna a kujerunsu da hannuwansu a naɗe.