Sharhi: Ba kowace bayarwa ce taimako ba

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau ya taɓo wata magana ta marigayi Fafaroma Francis, shugaban Cocin Katolika na duniya da ya rasu a watan Afrilun 2025.

A farkon 2017, wata mujalla da marasa matsuguni ke sayarwa a titunan Milan na ƙasar Italiya ta yi hira da shi kan ba mabarata kuɗi. Ya ce taimako kullum daidai ne. Ga masu cewa giya mutumin zai sha da kuɗin, ya ce in ita kaɗai ta rage masa a abin da ke faranta masa rai, a ƙyale shi, mai bayarwa ya tambayi kansa me shi yake yi a ɓoye. Ya kuma ce kada a jefa wa mutum kuɗi, a dube shi ido da ido, a taɓa hannunsa.

Wannan na ƙarshen babu mai ja da shi. Duk wanda ya taɓa ganin an ɗan sauke gilashin mota a Ƙofar Ƙaura, nan birnin Katsina, an wurgo naira 50 ƙasa, tsoho ya duƙa cikin ƙura yana lalube, ya san Fafaroma ya faɗi gaskiya. Inda na saɓa masa, cikin girmamawa, shi ne kalmar nan "kullum".

Wani zai ce ina ruwan Katsina da maganar Fafaroma? Da ruwanta. Tun 2023 jihar nan ke da dayosis nata na Katolika, wato yankin coci mai shugabancin kansa, ƙarƙashin Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi. Sannan mu Musulmi ma haka muke cewa: kai dai ka bayar don Allah, sauran ba ruwanka.

To amma mabaracin da Fafaroma yake magana a kansa baligi ne, shi ke karɓa, shi ke yanke abin da zai yi da kuɗinsa. Namu fa? Ku tsaya bakin Babbar Kasuwa da hantsi. Yaro ne da bai kai ya wanke wa kansa riga ba, roba a hannu, faso a ƙafa, yana "ko ɗan ƙanzo". Ba shi ya zaɓi titi ba, kawo shi aka yi. Cikin abin da ya samu akwai kuɗin Laraba da zai kai makaranta, akwai wanda manyan yara za su ƙwace. Yarinya ce riƙe da sandar makaho tun safe har la'asar, ƙawayenta suna aji. Muddin jagorar nan tana kawo abin cefane, ba za a sake ta ta je makaranta ba, kuma mu ne masu biya. Uban da ke ƙauye yana lissafin ko ya tura ɗansa na biyu birni, abin da yake dubawa shi ne na farkon bai mutu da yunwa ba. Sadakarmu ce ta ba shi wannan amsar. Anan dole mai bayarwa ya tambayi inda kuɗinsa ke zuwa, domin rayuwar yaro ce a ciki.

Kada a fahimce ni da cewa a rufe hannu. Alƙur'ani ya hana a yi wa mai roƙo tsawa, kuma mai jin yunwa yanzu abinci yake buƙata yanzu. Matan da 'yan bindiga suka koro daga Batsari, Jibiya da Safana, da goyo a baya, ba sana'a suka mayar da bara ba, masifa ce ta fito da su. Amma naira 100 ta yau gobe ma titi za ta mayar da su. Kuɗin da layi guda ke rabarwa a mako, da an haɗa shi, ya isa jarin ƙosai ko awara ga mace ɗaya, ko kuɗin hayar ɗaki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa roƙon mutane.

Ita kanta Cocin Katolika, in ka duba aikinta a ƙasar nan, makarantu da asibitoci take ginawa, kuma hukumarta ta agaji, Caritas, tana tantance mabukata kafin ta ba da tallafi.

Kiran da nake yi ga limaman Juma'a da limaman coci ɗaya ne. Idan za ku yi wa'azin sadaka, ku ce wa mutane su bi yaron nan zuwa tsangayarsa, su san malaminsa, su kai buhun gero ko tabarmi can, su tambayi garin da ya fito da sunan mahaifinsa. Masu unguwanni kuma su rubuta sunayen 'yan gudun hijirar da ke kwana a kangwayen unguwanninsu, domin mai niyyar bayarwa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.