Yaya Dutse Mai Gudu Zai Zama Turken Awo?

Jama'a, tambaya ɗaya kuka yi ta turo mana a makon nan: duwatsun nan masu kewaya rana, astaroyid, ta yaya za a kafa awon sama da su? Ai turke ba ya tafiya. Tambayar tana kan hanya.

Ɗauki taswirar taurari. Layukan awon da ke kanta sai da mafari, kuma masana sun ɗauki wurin da rana ke tsallaka ikwaitar sama, wato layin da ya raba sama gida biyu, arewa da kudu, wajen 20 ga Maris. Sai dai babu wanda ya kafa tuta a wurin. Rana kuwa wuyar awo gare ta: ga faɗi, ga haske, ga zafi mai taɓa na'ura. Amma dubi Vesta, ɗaya daga cikin duwatsun nan, wadda aka gano a 1807. Ɗigo ce kawai, kamar tauraro.

To a natsu, nan ake ɓacewa. Ba wurin da dutsen yake ba ne ma'aunin, tafiyarsa ce. Jan rana ke tafe da shi, kuma lissafi ya san wannan doka. Sai a lissafa inda ya kamata a same shi daren yau, a leƙa, a ga inda ya faɗo a taswira. Ka ga 'yar ratar da ke tsakanin wuraren biyu? Ita ake nema.

Ka ɗauka kana Tudun Wada, ladan ya kira la'asar, agogon hannunka ya ce da saura minti 2. Ƙila ya yi gaggawa. Gobe a Samaru, minti 2. Jibi a Sabon Gari, minti 2 dai. Malam, agogonka ne! Haka abin yake. In dutse ɗaya ya kauce, lissafin hanyarsa za a gyara. In duwatsu da yawa suka yi ta kaucewa iri ɗaya, shekara da shekaru, to taswirar ce ta karkace, kuma ratar ce za ta faɗi iya karkacewar. Wallahi dabarar nan tana burge ni.

Sauran a gurguje. A 1998 aka fara ɗora babban ma'aunin a kan kwazar 212, wato wasu abubuwa masu tsananin haske a can ƙuryar sararin samaniya, waɗanda don tsabar nisa ba a ganin motsinsu. Duwatsun ba su yi ritaya ba, suna cikin abin da ake gwada wannan ma'auni da na tafiyar duniyoyi. Tauraron ɗan'adam Hipparcos ya auna duwatsu 48. Gaia kuwa, ita ma tauraron ɗan'adam, a bayananta na 2022, sama da 150,000.