Akuyar wa ce wannan jakar?

Bashir: To, mun dawo. Saƙonninku sun yi yawa kan maganar nan ta Turawa, wai sai an san inda aka kiwata dabba kafin su sayi fatarta.

Zainab: Dokar Tarayyar Turai ce ta 2023 kan sare dazuka, an sha ɗage ta ma. A dabbobi shanu ta shafa, irin na Brazil, inda ake cinye dajin Amazon don kiwo.

Bashir: Yauwa, shanu. Mu kuwa abin da majemun Challawa da Sharada a Kano suke turawa Italiya da Sifaniya yawanci na awaki ne da tumaki. Fatar saniyarmu a tukunya take ƙarewa.

Kabiru: Ganda! Allah Ya yi wa mai ganda albarka.

Zainab: Yaya Kabiru, kai kaɗai ka cinye takalma sun kai kwando.

Kabiru: Da yajinsu kuwa. Ke ba kya ci?

Zainab: Sai mai laushi, ta cikin miyar agushi.

Kabiru: Wannan sandal ce kenan, ni kufta nake ci.

Bashir: Kufta riga ce, malam. Ku bari in ƙarasa. Ko babu doka, masu sayen sun fara tambaya, kuma a nan gizo yake saƙar. Ɗauki jar akuya, ta Sakkwato ko ta Maraɗi. An saye ta a Maigatari, wataƙila daga Nijar ta tsallako. Mahauci ya feɗe, dillali ya bi ƙauyuka yana tarawa, a barbaɗa gishiri, a jibga ɗaruruwa a mota ɗaya. Kafin ta shiga gangar jima, wa zai ce ga garinta? Daga majema zuwa jirgi akwai takarda. Daga majema zuwa baya, sai "wallahi Alhaji mai kyau ce".

Zainab: Fatun layya fa, da Izala take tarawa? Ai su an san unguwarsu.

Bashir: Unguwar da aka yanka, ba inda ragon ya yi kiwo ba. Abin da yake ci mini rai ma, tun zamanin ayarin raƙuma fatarmu take haye Sahara, Turawa suna kiranta fatar Maroko. Yau ma jakar "Italiya" za a rubuta mata. In za a bi sawu, to a bi har sunan Kano ya fito, majemi ma ya ga...

Kabiru: Bashir, lokaci. An kira la'asar.

Bashir: Mun ce za mu taɓo NILEST, cibiyar binciken fata ta Zariya.

Zainab: Sai mako mai zuwa. Yaya Kabiru, gandar nan a ina ake sayarwa?