Daga Gaban Alƙali Zuwa Teburin Sulhu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam shugaban taro, malamai da ke zaune a gaba, 'ya'yana ɗalibai, barkanmu da yamma. Na can baya kuna jina? To madalla. Idan murya ta yi ƙasa ku ɗaga hannu, kada ku ji nauyi.

An ce in yi magana a kan abubuwa huɗu: aikin lauya a gaban kotu, sulhu, siyasa, da hidimar al'umma. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya in Allah ya yarda.

Na farko, kotu. Da yawanku kun shigo karatun nan ne don kun ga lauya ya miƙe yana zuba zance, kowa ya yi tsit. To ku sani, abin da kuka gani ɗin nan ƙarshen aiki ne. Ainihin aikin an yi shi tun daren jiya, a kan tebur, mutum shi kaɗai da tarin takardu. Lauyan kirki ya fi abokin karawarsa sanin inda ƙararsa take da rauni. Kuma ba ya yaudarar alƙali. Ko da akwai wani hukunci na baya da bai yi masa daɗi ba, wajibi ne ya nuna wa kotu shi, sannan ya yi bayanin dalilin da ya sa bai shafi wannan ƙara ba. Amanar kotu tana wuyanka kamar yadda amanar wanda ya ɗauke ka take wuyanka.

Sai sauraro. Wannan ina so ku rubuta shi. Sabon lauya idan yana yi wa shaida tambayoyi, idonsa na kan takarda yana neman tambaya ta gaba, amsar da aka ba shi ta wuce bai ji ba. Shaida zai ce maka duhu ne ƙirin a daren, ko tafin hannunsa ba ya gani, can gaba kuma ya faɗa maka launin hular wanda ya tsallaka katanga. (Dariya) Idan ba ka saurare, wa zai kama wannan? Kuma kada ka jefa wa shaidan ɗaya ɓangaren tambayar da ba ka san amsarta ba, sai dai in ba ka da abin da za ka rasa.

Wannan sauraron shi ya kai ni ga sulhu, kuma a nan zan ɗan zauna, ku yi haƙuri da ni. Idan ka daɗe kana sauraron mutane a kotu za ka gane wani abu: kotu tambayar da aka rubuta mata kawai take amsawa. An rubuta cewa wane yana bin wane kuɗi kaza. Alƙali zai duba hujja ya ce eh ko a'a. Amma mutumin da ya zauna a ofishinka yana huci, sau da yawa ba kuɗin ne suka kawo shi ba. Abokin kasuwancinsa ne ya daina amsa masa waya. Ɗan'uwansa ne ya raba gado bai shawarce shi ba. Likita ne ya yi kuskure bai zo ya ce masa yi haƙuri ba. Wace kotu ce za ta yanke hukuncin a dawo da mutunci? Alƙali ba shi da wannan a aljihunsa, ba kuma laifinsa ba ne, iyakar hurumin da doka ta ba shi ke nan.

Ga kuma lokaci. A ɗage zama, a sake ɗagewa, a canja alƙali a faro daga farko, shaida ya rasu, a yanke hukunci, a ɗaukaka ƙara. Mutanenmu suna cewa shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba, kuma duk lauyan da ya yi maka alkawarin nasara ɗari bisa ɗari, ka ɗauki takardunka ka fita. Abraham Lincoln, wanda ya yi sama da shekara 20 yana lauya a jihar Illinois kafin ya zama shugaban Amurka a 1861, ya bar wa matasan lauyoyi shawara a rubuce cewa su riƙa hana mutane gaggawar kai ƙara, su nuna musu cewa wanda ake cewa ya ci shari'a sau da yawa shi ne ya yi asara, ta kuɗin lauya da ɗawainiya da ɓata lokaci. Mutumin da ke ci da shari'a ne fa ya faɗi haka.

Ku ɗauki Gandhi. Mutane sun san shi da gwagwarmayar 'yancin Indiya, sun manta shari'a ce ta kai shi Afirka ta Kudu a 1893. Wani ɗan kasuwa, Dada Abdulla, yana bin ɗan'uwansa Tyeb Sheth fam 40,000. Gandhi ya zauna ya koyi lissafin kasuwanci don ya fahimci littattafansu, ya ga hujja tana tare da wanda ya ɗauke shi, ya kuma ga idan aka ci gaba kuɗin shari'a zai cinye su duka biyun. Sai ya lallashe su suka je gaban mai raba gardama. Abdulla ya yi nasara. To ga inda nake so ku lura: Gandhi bai tsaya nan ba. Ya san idan aka ce a biya a dunƙule, Tyeb ya karye. Sai ya koma wurin wanda ya yi nasarar, ya roƙe shi ya karɓi kuɗinsa kaɗan-kaɗan a tsawon lokaci. Abdulla ya karɓi haƙƙinsa, ɗan'uwansa bai tozarta ba. Wannan aikin lauya ne, ba wa'azi ba.

Tunda na ambaci mai raba gardama, bari in bambanta muku shi da mai shiga tsakani, don ɗalibai kan cakuɗa. Mai raba gardama yana sauraro ya yanke, kuma abin da ya yanke ya hau kanku. Mai shiga tsakani ba ya yanke komai. Ba shi da sanda. Ya haɗa ku, ya raba ku ɗaki-ɗaki, ya ji na wannan a asirce, ya ji na wancan a asirce, kuma abin da aka faɗa a wurin ba a ɗauka a kai kotu a matsayin hujja. Wannan sirrin shi ne ƙarfin abin. Mutum zai iya cewa, gaskiya a nan na yi kuskure, ba tare da tsoron gobe a karanto masa a gaban alƙali ba. Kuma tambayar da na fi so in yi wa kowane ɓangare ita ce: idan yau ba a daidaita ba, gobe me za ka yi, nawa zai ci maka, kuma shekara nawa? Nan ne tsohon lauyan kotu ya fi kowa amfani, domin ya san abin da ke jiran su a can. Shi ya sa nake ce wa matasa, kada ku tsallake kotu ku ce ku masu sulhu ne. Wanda bai taɓa ganin ƙara mai kyau ta rushe a bakin shaida ɗaya ba, da me zai ja hankalin mai taurin kai?

Kada ku ɗauka sabon abu ne. Alƙur'ani ya ce sulhu alheri ne, a cikin Suratun Nisa'i. Wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musa al-Ash'ari a kan alƙalanci ta ambaci halaccin sulhu. A zamaninmu kuma, a 1976 Farfesa Frank Sander na Jami'ar Harvard ya kawo shawarar kotu mai ƙofofi da yawa, wato ka shigo da rikicinka a duba wace ƙofa ta dace da shi, ta alƙali ko ta sulhu ko ta raba gardama. Legas ta buɗe irinta a 2002. A 2019 ƙasashe 46 suka sa hannu a rana ɗaya kan yarjejeniyar Singafo, don sulhun kasuwanci da aka cimma a wata ƙasa ya zartu a wata. A kotunan tarayya na Amurka ma, binciken Marc Galanter ya nuna ƙararrakin da ba na laifi ba da suka kai ga cikakkiyar shari'a sun sauko daga kashi 11.5 cikin ɗari a 1962 zuwa kashi 1.8 a 2002. To lauyan da bai iya zaman daidaitawa ba, ina zai sa kansa?

Malam shugaban taro yana nuna mini agogo. To, na uku... siyasa ko? Zan gaggauta. Majalisa cike take da lauyoyi a ƙasashe da yawa, kuma dalilin a fili yake: wanda ya ga yadda kalma ɗaya a cikin doka ta kai mutum kurkuku ya san nauyin rubuta ta. Amma siyasa ba kotu ba ce. A kotu ka kayar da abokin karawa ka tafi gida. A majalisa wanda ka kayar yau, gobe ƙuri'arsa kake nema. Halin mai sulhu ya fi amfani a can. Mandela ya buɗe ofishin lauya tare da Oliver Tambo a Johannesburg a 1952, baƙaƙen fata suna yin layi tun daga matakala. Ya yi shekara 27 a tsare, ya fito ya zauna da waɗanda suka tsare shi, ya yi mulki, ya sauka a 1999, sannan ya karɓi aikin shiga tsakani a rikicin Burundi bayan rasuwar Nyerere, tsohon shugaban Tanzaniya da ke riƙe da aikin, har aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Arusha a watan Agustan 2000. Kun ga duk abubuwan da aka ce in yi magana a kansu a jikin mutum ɗaya. Hidimar al'umma kuma, ku ware lokaci don wanda ba shi da kuɗin lauya, ku leƙa gidajen yari ku ga masu jiran shari'a, wasu sun wuce wa'adin da za a ɗaure su ko da an same su da laifi. Na uku ke nan, ko na huɗu. Akwai hannu a sama. Bismillah, 'yata.

(Wata ɗaliba: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Idan ɗaya ɓangaren yana da ƙarfi, ɗaya kuma rarrauna ce, misali matar da mijinta ke dukanta, aka taru aka ce ta yi haƙuri a sasanta, wannan ma sulhu ne?)

Allah ya yi miki albarka. A'a, ba sulhu ba ne, danniya ce aka sa mata wani suna. Wasiƙar Umar ɗin da na ambata ba ta tsaya a halacci ba, ta ware sulhun da ya halatta haram ko ya haramta halal. Sulhu yana tsayawa ne idan kowane ɓangare zai iya cewa na ƙi, ya miƙe ya tafi kotu. Idan ɗaya ba ta da wannan ikon, saboda tsoro ko talauci ko matsin dangi, to mai shiga tsakani ya rufe zaman. Fyaɗe, duka, cin zarafin yaro, waɗannan laifuffuka ne, hukuma ce ke da ƙara, ba abin da dangi za su rufe ɗaki su yafe ba ne.

Akwai ma wani nau'in. Wata ƙarar ba ta mutum ɗaya ba ce. Lokacin da lauya Thurgood Marshall ya tsaya gaban Kotun Ƙolin Amurka yana ƙalubalantar raba makarantun yara baƙaƙen fata da na farare, da an ba iyayen yaran nan wani abu an sallame su a asirce, da sauran miliyoyin yara sun ci gaba da zama yadda suke. Hukuncin da kotun ta yanke a 1954 ake buƙata, a bainar jama'a, wanda zai hau kan kowa. Irin wannan ba a kai shi teburin sulhu.

Don haka idan irin matar nan ta zo ofishinki, kada ki fara da waɗanda suka rako ta. Ki ce su jira a waje. Ki tambaye ta ita kaɗai: tana da inda za ta kwana yau lafiya? Akwai rauni a jikinta da ya kamata likita ya gani ya rubuta? Ki faɗa mata abin da doka ta ba ta, dalla-dalla, har da umarnin kariya idan dokar wurin ta tanade shi, sannan ki ji me ita take so. Malam shugaban taro, na ga akwai wani hannun a can gefe, a ba shi ko lokaci ya ƙure?