Muryar unguwa: ina rediyon Hausawan Legas?

Ƙarfe shida da rabi na safe ke nan a Agege. Kalli teburin mai shayin nan. Ga tulin burodi, ga kiret ɗin ƙwai, can a jikin ƙusa kuma ga wata ƙaramar rediyo da eriyarta ta karye aka ɗaure ta da waya. Mai gadin da ya kwana a bakin aiki da direban da ya sauke tumatir a Mile 12 da asuba duk sun yi tsit, sun kasa kunne. Kafin shayi ya huce sun ji abin da ya faru a Gaza, sun ji na Yamai, sun ji na majalisa a Abuja. To amma ka tambaye su dalilin da ya sa aka rufe layin bayansu tun jiya, sai kowa ya kawo maka nasa ƙaulin.

Wannan giɓin shi ake kafa rediyon al'umma domin ya cike. Bari mu koma baya tukuna, don a nan Ikko aka yanke wa rediyo cibiya a Najeriya.

A farkon shekarun 1930 Turawan mulkin mallaka suka fara jawo shirye-shiryen BBC zuwa Legas. Ba irin rediyon da muka sani ba ce. Akwati ne na lasifika da ake kafe shi a bango, a jona masa waya, mai gida ya riƙa biyan kuɗin haya. Babu murɗa tasha. Abin da aka zuba maka shi za ka sha, in ka gaji ka kashe. A 1951 aka kafa hukumar watsa labarai ta ƙasa, a 1957 ta zama NBC, a 1978 kuma ta koma FRCN, wato Rediyon Najeriya. Duk tsawon shekarun nan makirufo na hannun gwamnati.

Sai a 1992, zamanin Janar Babangida, dokar soja mai lamba 38 ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Bayan shekara biyu marigayi Raymond Dokpesi ya kunna Raypower a Alagbado, gidan rediyo mai zaman kansa na farko a ƙasar. Daga nan tashoshi suka yi ta ɓullowa kamar tsiron damina. Yau in ka murɗa FM a Legas, da ƙyar yatsanka zai gusa bai faɗa kan wata tasha ba.

Ina Hausa a cikin wannan cunkoso? Akwai ta, amma a raɓe. Bond FM ta Rediyon Najeriya, a kan mita 92.9, tana ba Hausa lokacinta tare da Yarbanci da Ibo. Wazobia FM da aka buɗe a 2007 ta ari "zo" ɗinmu ta sa a tsakiyar sunanta, sai dai da Turancin buroka take hira. Abin da zai ba ka mamaki ma, sashen Hausa na Rediyon Faransa a nan Legas ya buɗe ɗakin shirye-shiryensa a 2007. Wato daga wannan gari ake yi wa Zinder da Maraɗi da Kano magana da Hausa, alhali mai sayar da rago a Alaba Rago yana jiran a ba shi labarin kasuwarsa a bakin masallaci.

Ba laifin waɗannan tashoshin ba ne. Gidan gwamnati na da ubangidansa, na ɗan kasuwa talla yake bi, na ƙasar waje kuwa nahiya guda yake kallo. Rediyon al'umma daban take. Mutanen wuri su ke da ita, su ke zaɓen masu tafiyar da ita, ba a kafa ta don riba, kuma muryarta ba ta nisa. Wannan rashin nisan shi ne ƙarfinta. Mai gabatar da shiri maƙwabcinka ne, in ya yi ƙarya da safe za ku haɗu a sallar Azahar.

Najeriya ta makara ƙwarai a wannan fage. Mali da Nijar da Ghana sun daɗe da tashoshin ƙauyuka muna nan muna taron ƙara wa juna sani. Jami'o'i aka fara ba dama, Jami'ar Legas ce kan gaba da tasharta ta Akoka a kan mita 103.1. Sai a watan Mayun 2015, ana saura kwanaki Shugaba Jonathan ya sauka, aka amince da lasisin rediyon al'umma guda 17 a faɗin ƙasar. Goma sha bakwai, ga ƙasa mai ƙananan hukumomi 774.

Yanzu ka ƙaddara akwai irin wannan tasha a Agege ko Idi-Araba. Ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin jiha ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa. Yaron da ya zo ci-rani daga Jigawa, babur ɗin ma na bashi ne, ba sharhi yake buƙata ba. So yake wani ya gaya masa da Hausa: wannan titin kada ka hau, waccan gadar iyakarka ke nan. Ko ka tuna rikicin Mile 12 na watan Maris 2016, yadda jita-jita ta riga kowa isa unguwanni. A rana irin wannan, Sarkin Hausawa da basaraken Yarbawa su zauna gaban makirufo ɗaya, kowa ya yi wa mutanensa magana da harshensu, ya fi motar 'yan sanda goma. Ga cigiyar yaron da ya ɓata, ga sanarwar jana'iza, ga farashin kwandon tattasai kafin mota ta taso daga Arewa, ga ranar rigakafi ga matan da ba sa fita.

Sai dai kafa ta ba shan ruwan tsuntsaye ba ne. Lasisi na hannun hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, ita ma NBC ake ce mata amma ba waccan ta 1957 ba ce, kuma doka ta hana a ba jam'iyyar siyasa ko ƙungiyar addini, don haka ba za a ce kwamitin masallaci ya riƙe ba. Dole a kafa ƙungiyar unguwa mai rajista. Ga neman gurbin mita a garin da ya cika maƙil, ga kuɗin man janareto. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne attajirin da zai ce ya ɗauke wa kowa nauyin man, don daga ranar ba mai iya faɗin laifinsa a iska.

Kafin a kai can, aikin na tafiya ta hanyoyin da aka saba. Ladan ya gama kiran salla ya ƙara da cigiya. Shugaban 'yan albasa ya tura saƙon murya a WhatsApp, kafin la'asar ya zaga waya ɗari, an ƙara masa gishiri a hanya. Mai shayinmu na Agege kuma ya miƙa hannu ya gyara wayar eriya, don tashar ta fara shuu.